TABA DA GIYA: TSAKANIN MA'AUNIN JAMA'A DA MA'AUNIN SHARI'A

Jawabin da aka gabatar a zaman yamma na taron zikirin shekara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya sanya hankalin ya zama sharaɗin ɗora masa kowane umurni da kowane hani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, Ya ba mu albarkacinsu.



Bayan haka, kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi magana a kan yadda jama'armu ke kallon shan taba da shan giya. Na so in nemi uzuri, domin a wannan zaure akwai waɗanda ban isa in ɗauki takalmansu ba, to amma malamanmu sun koya mana cewa bin umurni yana gaba da nuna ladabi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina roƙon iyayena su gyara mini.

Ba hukuncin giya na zo in sanar da ku ba, domin ko yaron da ke makarantar allo ya san haramun ce. Matsayin taba a ɗarikarmu ma ba ɓoyayye ba ne. Abin da nake so mu duba shi ne mudun da muke awo da shi idan muka haɗu da mai shan ɗaya daga cikinsu. Ina ganin muna da ma'auni biyu, na shari'a da muke karantawa a littafi, da na jama'a wanda muke aiki da shi a unguwa, kuma ba kullum suke daidaita ba.

ABIN DA IDO YAKE GANI

Mu fara da abin da kowa ya sani. Idan aka ga talaka yana tangaɗi a bakin titi, warin burkutu ko ogogoro yana tashi daga jikinsa, yara za su bi shi da ihu da jifa, manya su kau da kai. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma "mashayin nan". Ba a ba shi aure, ba a karɓar shaidarsa, ko gaisuwar mutuwa ya je sai a matsa a ba shi wuri shi kaɗai. Amma idan mai hali ne, wanda yake shan tasa a ɗakin otal a wani gari ko a wata ƙasa, kowa ya sani ana raɗe-raɗi, duk da haka idan ya zo ɗaurin aure shi ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba. Zunubin ɗaya ne. Bambancin shi ne ɗaya ya ba mu kunya a fili, ɗaya kuwa yana da kuɗin sayen labule.

Mai shan taba kuma nasa daban ne. Ana ɗaukar abin a matsayin ɗabi'a maras kyau, kamar yawan surutu ko son barci. Yana zaune a majalisa yana busa hayaƙi, ba mai cewa uffan. Har yaro ake aika wurin mai tireda ya sayo kara biyu, wani ma ya ce da yaron ya kunno masa ita a murhu. Tsohuwa tana cusa taba gari a leɓe ko tana shaƙa a hanci, jikokinta suna yi mata wasa da abin. A da can mata kan goge haƙora da furen taba haɗe da goro don ado. To amma ranar da aka ga budurwa da karan sigari a hannu, an gama yanke mata hukunci a kan mutuncinta gaba ɗaya, alhali ganyen da ke hannunta shi ne wanda ke leɓen kakarta.

Idan muka tara waɗannan misalai za mu ga cewa kunya ce mudunmu. Abin da ya tona asiri shi ne babban laifi, abin da aka saba gani ko aka iya ɓoyewa kuwa ƙarami ne. Kunya aba ce mai kyau, Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta cikin rassan imani. Sai dai kunyar da ya yaba ita ce jin kunyar Allah, wadda take aiki a ɗaki kamar yadda take aiki a kasuwa. Kunyar idon mutane ita kaɗai tana haifar da ɓarna biyu: sakaci a inda ba a jin kunya, da ƙetare iyaka a inda ake jin ta.

YADDA AKA HANA GIYA

Shari'a ba ta auna abu da yawan surutun da yake jawowa. Malaman usulu sun ce ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Giya an hana ta ne don kare hankali, kuma yadda aka bi wajen hana ta darasi ne gare mu.

Larabawa mutane ne da giya ta shiga jininsu, suna yi mata waƙoƙi, suna alfahari da ita. Alƙur'ani bai hana ta rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye, wanda ya rage wa mashayi lokutan shansa tunda salla biyar ce a yini. Sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, hani yankakke ya sauka. Sayyadina Anas ɗan Malik (RTA) ya ba da labarin cewa yana cikin zuba wa wasu sahabbai a gidan Abu Ɗalha aka ji mai shela, nan take aka ce ya tuntsurar da ita, har ta riƙa gudana a lungunan Madina. Uwar Muminai Nana A'isha (RTA) ta bayyana sirrin abin, kamar yadda Imam Buhari ya ruwaito ma'anarsa: da hanin giya aka fara saukarwa da mutane sun ce ba za su bari ba, amma sai aka fara da ambaton Aljanna da Wuta har zukata suka nuna.

Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a Amurka. A shekarar 1920 suka hana sayar da giya da ƙarfin tsarin mulki, da 'yan sanda da kotuna. Abin ya koma ƙarƙashin ƙasa, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi, a shekarar 1933 suka janye dokar da kansu. A ƙasarmu ma, Turawan mulkin mallaka sun sanya Arewa cikin yankunan da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai, amma hakan bai hana a dafa burkutu ba. Bayan dawo da shari'a a Zamfara da Kano da sauran jihohi daga shekarar 2000, an rufe mashaya da yawa, kuma a watan Nuwamba na 2013 Hukumar Hisba ta Kano ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Wannan aikin hukuma ne, kuma yana da muhallinsa. Amma motar da ta taka kwalba ba ta taka ƙishirwar da ke cikin zuciyar mai sha ba. Wannan ɓangaren aikin masu tarbiyya ne, wato aikinmu.

YADDA TABA TA ZO, DA SAƁANIN MALAMAI

Taba ba ta zamanin Annabi (SAW) ba ce, ba ta zamanin Imam Malik ba ce. Ganye ne na nahiyar Amurka, wanda jiragen ruwan Turawa suka yaɗa a duniya bayan shekarar 1492. Wajen ƙarshen ƙarni na goma sha shida ta iso ƙasashen Musulmi, ta ratsa Tumbutu da Marrakush da Fas da Masar da Istanbul cikin 'yan shekaru. Malamai suka sami kansu a gaban abin da babu nassi a kansa da sunansa, don haka suka yi ijtihadi, suka kuma saɓa.

Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda aka kai Marrakush a kame bayan yaƙin 1591, ya rubuta fatawa a shekarar 1607 yana ganin halaccinta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. A Masar, manyan malaman Malikiyya biyu suka rabu: Shehu Ibrahim Laƙƙani, mai Jauharatut Tauhid da muke karantawa a zaurukanmu, ya rubuta risala yana yi wa 'yan'uwa nasiha su nisance ta, shi kuwa Shehu Aliyu Ajhuri ya halatta abin da bai taɓa hankali ba daga cikinta. A Sham, Shehu Abdulgani Nabulusi, babban sufi wanda ya rasu a 1731, ya rubuta littafi yana neman sulhu tsakanin ɓangarorin biyu, yana karkata ga halacci. Sarkin Daular Usmaniyya Muradu na Huɗu kuwa a shekarar 1633 ya hana ta da kaifin takobi, amma bayan rasuwarsa mutane suka koma gare ta.

Waɗannan duka malamai ne na Allah, ba mu da bakin da za mu taɓa ɗaya daga cikinsu. Abin lura shi ne tambayar da suka tsaya a kai: tana sa maye ko ba ta sawa? Wanda ya halatta ya gina maganarsa ne a kan cewa ba a tabbatar da cutarwarta ba, kuma su da kansu sun yi sharaɗin cewa wanda take cutarwa ta haramta gare shi.

Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda aka haifa a Ainu Madi a 1737 ya rasu a Fas a 1815, yana cikin waɗanda suka tsananta a kanta, ya hana almajiransa ita ta kowace fuska, sha ko shaƙa ko taunawa. A kan haka muƙaddamai suka gaji gargaɗin duk wanda ya zo karɓar wuridi. Hikimar ba ta da nisa. Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, ya kuma nuna cewa mala'iku suna cutuwa da abin da 'yan Adam ke cutuwa da shi, to ina ga bakin da zai zauna a da'irar wazifa yana salati? Sa'an nan murid mutum ne da ya ɗaura niyyar kuɓuta daga bautar son zuciya. Wanda ba ya iya awa biyu sai ya tashi neman ashana, akwai igiya a wuyansa da ba ta Allah ba.

ABIN DA LIKITOCI SUKA TABBATAR

Shehu ya yi wannan hani fiye da shekara ɗari kafin likitoci su kawo hujjarsu. A shekarar 1950 wasu masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka wallafa sakamakon da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Yau an san hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu masu haddasa sankara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ta kuma ce tana iya kashe rabin waɗanda suka dawwama a kanta ba su daina ba. Ita kuwa giya, ƙididdigar hukumar ta nuna ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Ku dubi waɗannan alƙaluma biyu, 'yan'uwa. Ba ina cewa zunubin taba ya kai na giya ba. Giya haramcinta da nassi ne yankakke, akwai haddi a kanta, wanda ya halatta ta ya yi jayayya da Alƙur'ani. Amma abin da muke ɗauka ɗabi'a ce kawai, ya fi wanda muke jifa a kansa cika maƙabarta. Sharaɗin da masu halattawa suka gindaya, wato rashin cutarwa, ya rushe. Shi ya sa gidan fatawa na Masar ya fitar da hukuncin haramcinta. Kuma mutumin da yake busa hayaƙi a ɗaki ɗaya da matarsa mai ciki da jaririnsa, ba kansa kaɗai yake zalunta ba, akwai haƙƙin wasu a wuyansa.

Ko dokar ƙasa ta gane haka. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Kowa a nan ya san ko ana bin wannan doka a unguwarsu. Dalilin rashin bin ta shi ne jama'a ba su ɗauki abin laifi ba, kuma dokar da jama'a ba su riƙe ba takarda ce.

ABIN DA YA SHIGO BA TARE DA WARI BA

Muna tsaye a ƙofar gida muna gadin kwalbar giya, sai wani abu ya shigo ta bayan gida. Ya shigo a kwalbar maganin tari, da ƙwayar tiramadol, da tukunyar shisha mai ƙamshin tuffa wadda 'ya'yan masu hali suke ɗauka wayewa ce alhali taba ce aka jiƙa da zaƙi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba, kuma a cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya nuna yadda ya yi wa matasa katutu, har da na Kano.

Me ya sa wannan ya yaɗu a garuruwan da aka rufe mashaya? Domin ba a kiransa giya. Ba shi da wari, ba a zuwa Sabon Gari nemansa, a kemis ake samu, ana juye shi a robar lemo a sha a gaban uwa ba ta sani ba. Yaron da zai rantse bai taɓa kai giya bakinsa ba, gaskiya ya faɗa, kuma da wannan gaskiyar yake lallashin zuciyarsa. Mu muka koya masa cewa sunan ne abin gudu.

Alhali Manzon Allah (SAW) ya rufe wannan ƙofa tun da wuri. Ya bayyana cewa duk abin da ke sa maye hukuncinsa hukuncin giya ne, ya kuma yi gargaɗin cewa wasu daga al'ummarsa za su sha ta suna kiran ta da wani suna. Imam Ƙarafi, cikin littafinsa Alfuruƙ, ya kasa masu taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ruɗa hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai gusar da hankali da ji gaba ɗaya. Sun bambanta wajen haddi da najasa, amma ba wanda aka halatta a sha gwargwadon da zai taɓa hankali don jin daɗi. Ashe fiƙihunmu ya riga ya tanadi amsa. Al'adarmu ce ta tsaya a kan kwalba.

Idan kuma abin ya bayyana a gida, kunyar nan ce dai take ja mana gora. A ɓoye yarinya kada ta rasa miji. A yi wa yaro aure wai zai natsu, a jefa 'yar mutane cikin wahala. Ko a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa, nesa da idon maƙwabta. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wasu irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a shekarar 2019, abin da ba mai imanin da zai gani bai zubar da hawaye ba. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙin su suke yi ba. Tsoron bakin mutane ne ya fi ƙarfinsu, kuma mu ne mutanen.

WANI ABU DA YA FARU DA NI

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa muku abin da ya sa na karɓi wannan umurni da nauyin zuciya. Ina da aboki wanda muka yi karatun allo tare, muka fara Ahalari da Ishmawi a zaure ɗaya. Ni na ci gaba da karatu, shi ya kama tuƙin babbar mota. A hanya ya koyi shan taba don korar barci. Duk da haka idan yana gari ba ya rasa zikirin Juma'a. Wata Juma'a ya shigo ya zauna kusa da ni, warin taba yana jikin rigarsa. Ina da ƙuruciya a lokacin, ga zafin sabon karatu. Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce wanda ya san bai tsarkaka ba ya bar mana da'ira. Bai ce komai ba. Ya jira aka shafa fatiha, ya ɗauki takalmansa ya fita.

Shekara goma sha ɗaya bai sake taka zawiya ba. Da ya rasa mu, ya sami waɗanda ba sa ƙyamarsa a tasha, kuma a wurinsu ya koyi abin da ya fi taba. Ni kuwa ina nan ina ganin na kare alfarmar wazifa.

Wanda ya dawo da shi wani tsohon muƙaddami ne, Allah Ya jiƙansa, wanda ko Risala bai sauke ba. Duk lokacin da ya ji motar ta shigo gari sai ya tafi tasha ya zauna da shi, su ci goro, ya tambaye shi iyali, ya yi masa addu'a ya tashi. Bai taɓa ce masa taba halal ce ba, bai kuma taɓa fasa zuwa ba. Abokina ya bar giya da farko. Taba ta ɗauke shi shekara uku, yana bari yana komawa. Ya rasu da ciwon ƙirji yana da carbi a hannu. Na nemi gafararsa a gadon asibiti, ya yi murmushi ya ce ai gaskiya na faɗa. Gaskiya na faɗa, amma har gobe ina tsoron a tambaye ni shekarun nan goma sha ɗaya.

Daga baya na sake karanta hadisin da na daɗe da sani ban fahimta ba. Akwai sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, ana yi masa bulala yana komawa. Wata rana wani ya tsine masa, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An tsayar da haddi, ba a sassauta hukunci ba, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

ABIN DA YA HAU KANMU

Na farko, mu gyara mudu. Mu koya wa 'ya'yanmu dalilin hani tare da hanin, su san cewa hankali da rai amana ne, ko da me aka taɓa su, ko a kwalba ko a ƙwaya ko a hayaƙi. Kada a sake aiken yaro sayen taba. Ɗan'uwa mai tireda ko mai kemis ya dubi abin da yake miƙa wa 'ya'yan mutane, ya tambayi kansa ko zai miƙa wa nasa.

Na biyu, hukuncin ɗarika yana nan yadda Shehu ya bar shi, ba mai ikon sassauta shi. Amma isar da shi aikin muƙaddami ne, a keɓe, da lafazin da zai sa mutum ya dawo gobe. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zawiya wurin jinya ce, kuma ba a korar majinyaci don an ji warin ciwonsa.

Na uku, mu san cewa wanda abin ya kama, jikinsa ya kamu kamar yadda zuciyarsa ta kamu. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana sa jiki ya riƙa nema, wahalar bari ta fi tsanani a makon farko, sa'an nan ta yi ta sauƙi cikin 'yan makonni. Likitoci sun ce wanda ya shekara da bari, haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa da kusan rabi. Watan Ramadan babbar dama ce, wanda ya iya haƙuri daga alfijir zuwa magariba ya riga ya ci rabin yaƙin. Amma wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya jawo masa jijjiga da ruɗewa, har da rasa rai. A haɗa masa addu'a da asibiti. Akwai asibitocin da ke wannan aiki a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, kuma kai mutum can ba abin kunya ba ne. Wanda ya yi umurni da zikiri shi ne ya yi umurni da neman magani.

Na huɗu, kowace zawiya ta san matasanta da sunayensu. Idan an kwana biyu ba a ga yaro a wazifa ba, a bi sawu tun kafin wasu su riga mu. Iyayenmu mata da muƙaddamai mata, wannan ya fi shafar ku, domin ku kuke shiga inda ba ma shiga. Uwar da ta zo muku da kukan 'yarta ta sami rufin asiri da taimako, kada labarin ya riga ta isa gida.

Na biyar, wanda Allah Ya tsare shi ya gode, kada ya yi alfahari. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Mai giba a majalisa da mai cin amanar marayu ba su da wari, amma suna da abin da za su amsa. Malaman tasawwufi sun daɗe suna gargaɗin cewa zunubin da ya gadar da ƙanƙan da kai da nadama ya fi wa bawa sauƙin warkewa a kan ibadar da ta gadar masa da girman kai.

Idan a cikin wannan taro akwai wanda ya zo da kwalin taba a aljihu, ko wanda ya bar wani abu a gida da ba ya so a sani, ina ce masa: zuwanka alheri ne, kada ka fasa. Ka sami muƙaddaminka ka faɗa masa, ka ɗaura niyya daga daren nan, idan ka faɗi ka sake tashi. Mu kuma sauran, Allah Ya ba mu ikon karɓarsa yadda tsohon nan ya karɓi abokina.

Ya Allah Ka shirye mu, Ka shiryi zuriyarmu, Ka tsare mana hankulanmu da lafiyarmu. Wanda aka jarrabe shi Ka yaye masa, wanda Ka tsare Ka dawwamar masa da tsarinka. Ka jiƙan shehunanmu da iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka mai da kowa gidansa lafiya, Ka maimaita mana na baɗi muna masu rai da imani, albarkar Shugaban Halitta, Sallallahu Alaihi Wasallam.